Cuku da Tchoukou a Idon Na'ura

Wani ɗan kasuwa a Yamai yana tallar kilishi da cuku a Google Ads, inda ake cire masa kuɗi duk sa'ad da aka danna tallarsa, ko an saya ko ba a saya ba. Akwai rahoton da ke nuna masa ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin tallar ta bayyana gare su. Da layukan rahoton suka fi ƙarfin ido, sai ƙanensa ya tsara masa ɗan umarni da harshen JavaScript, wanda ke aiki da kansa a cikin asusun. Umarnin yakan daddatsa kowace jimla kalma-kalma, ya tara abin da kowace kalma ta ci da cinikin da ta jawo, ya zuba a jadawali.

Farkon abin da ya tono shi ne kalmar Faransanci "recette". Masu rubuta ta girki suke son koya, ba saye ba. Aka toshe ta, asara ta ragu.

Sai jadawalin ya nuna cuku ba ya kawo riba, har maigidan ya fara shawarar janye tallarsa. Ashe ba kasuwa ce ta mutu ba, rubutu ne ya rarrabu. Wanda ya bi ƙa'idar Hausa yakan rubuta "cuku", wanda hannunsa ya saba da Faransanci kuwa "tchoukou" ko "tchoukkou", kamar yadda "kilishi" ke komawa "kilichi". Umarnin ba ya jin lafazi, haruffa kawai yake kwatantawa, don haka ya raba kalma guda gida uku, kowane gida ya fito da rama. Abin ya ƙara muni domin tun watan Satumba na 2020 Google ya daina nuna kalmomin da masu nemansu ba su da yawa, kuma rubutun da ba a cika yi ba shi ne farkon ɓacewa.

Ƙanen ya koma ya koya wa umarnin mayar da "tch" zuwa "c", "ch" zuwa "sh", "ou" zuwa "u", kafin ya fara lissafi. Cuku ya farfaɗo. Da ya so share lanƙwasar ƙ da ɗ gaba ɗaya don sauƙi, yayan ya hana. Mai sana'ar nama, in ji shi, ba zai yarda a haɗa masa ƙashi da kashi a layi ɗaya ba.