Malamin Fadar Sin Da Masu Juya Littafinsa Da Turanci

Da yawa daga cikin 'yan makaranta suna zaton amfanin Turanci bai wuce mutum ya ci jarrabawa ya sami aikin akawu ba, ko kuwa ya san labarin sarakunan Ingila. Ni kuwa, cikin shekarun da na yi ina koyarwa, abin da na fi gode wa harshen nan a kansa shi ne ya sada ni da mutanen da ba na jin ko kalma guda ta bakinsu. Babba a cikinsu shi ne wani malamin fada na ƙasar Sin, Sima Ciyan, wanda in za ku neme shi cikin littattafan Turanci za ku tarar an rubuta Sima Qian. Labarinsa nake so in ba ku, da na mutanen da suka ɗauko shi suka kawo mana.

Ya yi zamani da Sarki Wu na gidan sarautar Han, wanda ya yi mulki daga shekara ta 141 zuwa ta 87 kafin haihuwar Annabi Isa. Ubansa, Sima Tan, shi ne mai duban taurari da lissafin kwanakin shekara da tsaron rubuce-rubucen fada. Ya ƙudura zai tattara labarin ƙasarsu tun daga farko, amma ajali ya riske shi a shekara ta 110, sai ya bar wa ɗansa wasiyya ya cika aikin. Ɗan ya gāji sarautar, ya kama rubutu.

Ana nan, a shekara ta 99, sarki ya aiki wani jarumi, Li Ling, da dakaru 5,000 su yaƙi Shiyunnu, makiyayan arewa masu dawaki. Abokan gāba suka yi musu zobe, suka yi ta ɗauki ba daɗi har kibau suka ƙare, Li Ling ya ba da kai. Da labari ya iso fada, fadawa suka ga fuskar sarki ta ɓaci, sai kowa ya shiga zagin jarumin. Aka tambayi Sima Ciyan. Shi ba abokin Li Ling ba ne, amma ya ce mutumin ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Sarki ya ɗauka habaici yake yi wa wani babban sarkin yaƙi, surukinsa, sai aka jefa malamin kurkuku, aka yanke masa hukuncin kisa.

Bisa dokar zamanin, mutum yana iya fansar kansa da dukiya, ko ya yarda a yi masa fiɗiya. Dukiya ba shi da ita, babu kuma wanda ya taimake shi. A wurin manyan ƙasar kuwa, gara mutum ya kashe kansa da ya ɗauki wannan wulaƙanci. Sima Ciyan ya ɗauka. Daga baya, cikin wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Ren An, ya bayyana cewa ya haɗiye kunyar ne don littafin ubansa bai ƙare ba tukuna.

Littafin da ya fito daga wannan haƙuri sunansa Shiji. Babi 130 ne, da haruffan Sinanci fiye da 500,000. Babi 12 na sarakuna ne, 10 jadawalin shekaru, 8 bayanin al'amura kamar kiɗa da taurari da magudanan ruwa da kuɗi, 30 labarin manyan gidaje, sauran 70 kuwa galibi tarihin rayuwar mutane ne. Ga inda na fi jinjina masa. Cikin babin nan bai tsaya kan waziri da sarkin yaƙi ba. Ya sa fatake, da masu magani, da wawayen sarki, da azzaluman hakimai, har da yawa na zamanin ubangidansa. Shiyang Yu, wanda ya yi takara da wanda ya kafa gidan Han aka cinye shi, ya sa shi cikin jerin sarakuna. Cen She, ɗan ƙodago a gona da ya ta da tawaye a shekara ta 209, ya ba shi babi cikin manyan gidaje. A ƙarshen yawancin babin yakan ƙara 'yan kalmomi da bakinsa, ya faɗi yadda shi ya ga mutumin.

Kada ku zaci shi ya fara wannan hali. Cikin wani littafi da ya girme shi, wanda James Legge ya juya da Turanci a 1872, an ba da labarin wani waziri na ƙasar Ci, Tsui Ju, da ya kashe sarkinsa a shekara ta 548. Marubucin fada ya rubuta abin yadda ya faru, waziri ya kashe shi. Ƙannensa biyu suka sāke rubutawa, aka kashe su. Wani ƙanen ya ɗauki alƙalami ya maimaita, sai waziri ya haƙura ya bar shi. To, kun ga bambancin maroƙi da mai rubuta tarihi. Maroƙi yana duban fuskar mai ba shi riga, mai tarihi kuwa yana duban waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Mai hankali zai ce, yaya aka san gaskiya ya rubuta? Ba duk abin da ke cikin littafin aka tabbatar ba, gama farkonsa yana gauraye da tatsuniya. Amma a 1899 aka gane cewa waɗansu ƙasusuwa da ake tonowa a ƙasar Sin suna ɗauke da rubutun mutanen da, na zamanin gidan sarautar Shang. A 1917 wani malami, Wang Guowei, ya gwada sunayen sarakunan da ke jikin ƙasusuwan da jerin da Sima Ciyan ya kawo, sai ga shi yawanci sun dace, alhali kuwa tsakanin malamin fadan da sarakunan nan akwai shekaru wajen 1,000.

Waɗanda suka zo bayansa suka ɗauki tsarinsa. Ban Gu ya rubuta tarihin gidan Han cikin babi 100, ya mutu a kurkuku a shekara ta 92 bayan haihuwar Annabi Isa, ƙanwarsa Ban Jao ta ƙarasa. Haka aka yi ta yi, har littattafan tarihin gidajen sarauta suka kai 24.

Yanzu sai masu juyi. Wani Bafaranshe, Édouard Chavannes, ya juya babi 47 na Shiji da Faransanci cikin littafi biyar, daga 1895 zuwa 1905. Wani Ba'amurke, Homer Dubs, ya fid da sashen littafin Ban Gu da Turanci cikin littafi uku, a 1938 da 1944 da 1955. A 1961 Burton Watson ya fid da nasa juyin na Shiji, littafi biyu, ya kuma ƙara shi a 1993. A 1994 William Nienhauser da abokan aikinsa suka fara fid da nasu, da nufin su juya littafin duka.

Aikin nan da wuya ƙwarai. Sinancin da gajere ne ainun, sau da yawa ba ya faɗin wanda ya yi aiki ko lokacin da aka yi shi, sai mai juyi ya ciko da fahimtarsa. Mutum guda yakan zo da suna biyu ko uku. Sarautu kuwa sun fi kome ba da wahala. Ko sarautar Sima Ciyan kansa, Watson ya kira shi babban mai tarihi, Nienhauser ya ce babban magatakarda, Chavannes ya ce babban mai duban taurari, kowa kuwa da hujjarsa. Mu ma ba baƙin wannan ba ne, domin sa'ad da Palmer ya juya tarihin sarakunan Kano daga Larabci zuwa Turanci a 1908, Galadima da Madawaki haka ya bar su da sunansu. Har wa yau, masu juyin sun bambanta wajen nufi. Watson ya zaɓi babin da ya ga dama, ya rage bayanai, don a karanta da daɗi. Nienhauser ya cika gindin shafi da bayani, don mai bincike. Saboda haka in littafin juyi ya shigo hannunku, ku fara da gabatarwarsa, ku ga wa ya juya, me ya ɗauka, me ya bari.

Shawarata gare ku, wanda ya sami juyin Watson ya fara da labarin Shiyang Yu, gama Turancinsa ba ya fi ƙarfin ɗan babban aji. Ku karanta kuna lura da yadda marubucin yake faɗin kirkin mutum da aibinsa a wuri guda. Waɗansunku za su zama magatakarda, waɗansu alƙalai, waɗansu malamai, rana kuwa za ta zo da za a so ku rubuta abin da babba yake so ya ji, a bar abin da ya faru. Ran nan ku tuna Sarki Wu ya yi mulki shekara 54, amma da yawa daga abin da duniya ta sani game da zamaninsa, daga hannun bawan da ya wulaƙanta ta same shi.