Zuwa Ga Aminina, Kan Injin Da Ke Mayar Da Ruwa Gari

Sharaɗa, Kano.

Alhaji,

Yaya kasuwa, yaya kuma baƙunta a ƙasar Sin? Mutanen gida duk lafiya lau, Hajiya tana gaishe ka, yara ma suna tambaya yaushe Baba Alhaji zai dawo.

Na ga hotunan injin da ka turo, na kuma saurari saƙonka har ƙarshe. Tambayarka ita ce, ka saye shi ka kawo Kano ka riƙa yi wa kamfanonin magani aiki, ko kuwa ka haƙura? Wannan ba amsar waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuto. A taƙaice, kada ka biya kuɗi tukuna. Amma kuma kada ka fitar da maganar daga ranka, domin akwai alheri a cikinta, sai dai ba a wurin da dillalin ya nuna maka ba.

Bari in fara da yadda injin yake aiki, don na lura mutumin ya cika ka da lissafin riba bai gaya maka wannan ba. Doguwar tukunya ce ta ƙarfe marar tsatsa, ƙasanta a tsuke. A samanta akwai baki mai fesa ruwa, kamar dai famfon feshin da manoma ke goyawa, sai dai nasa feshin ya fi laushi nesa ba kusa ba. Ana turo iska mai zafi cikin tukunyar, sau da yawa tsakanin digiri 150 zuwa 200. Kowane ɗigo kafin ya kai ƙasa ruwansa ya tashi, abin da ke cikinsa ya zama ƙwayar gari. Daƙiƙoƙi kaɗan ne an gama. Abin da ya sa masu magani ke son sa shi ne, duk da zafin iskar, shi ɗigon ba ya ƙonewa, saboda tururin da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. Haka ake yin madarar gari da kofi mai narkewa nan take da garin sabulun wanki. Fasahar ma ba sabuwa ba ce, tun 1872 wani Ba'amurke, Samuel Percy, ya yi rajistarta.

Kasuwar da aka kwaɗaita maka tana nan da gaske, amma ka san irin ta. Magunguna da yawa na zamani ba sa narkewa sosai a cikin ciki, mutum ya sha, rabi ya wuce a banza. Sai a narkar da sinadarin tare da wani abu mai riƙe shi, a fesa, a samu garin da jiki ke iya sha. Maganin ƙanjamau mai suna Intelence, wanda aka amince da shi a 2008, ta wannan hanya ake yin sa. Kamfanoni irin su Hovione na ƙasar Fotugal sun yi suna da wannan aiki, manyan kamfanonin magani na duniya suna kai musu kwangila. To amma irin wannan aiki ba da ruwa ake narkarwa ba, da sinadarai ne masu kama wuta, don haka dole a rufe injin ruf, a cika shi da iskar naitirojin maimakon iskar da muke shaƙa, in ba haka ba ya fashe. Ga ɗakin gwaji, ga masana, ga masu bincike daga Turai da Amurka da za su zo su duba kowane kusurwa. Sannan babbar tambaya: wa zai kawo maka aikin? Mu nan ba mu ƙirƙirar sabon sinadarin magani. Ainihin sinadarin, kusan dukkansa daga Indiya da Sin ake shigo da shi, a buhu ko a duro, an riga an gama shi. Aikinmu a Sharaɗa da Bompai shi ne mu auna, mu gauraya, mu buga ƙwaya ko mu dafa maganin ruwa mu zuba a kwalba. Ba na raina wannan aiki, shi nake ci, shi nake sha. Amma babu inda wancan injin zai shiga a cikinsa a yau.

Inda zai shiga, a ganina, wajen kayan haɗi ne. Ɗauki ƙwayar farasitamol ka duba. Sinadarin miligiram 500 ne, amma shi kaɗai ba ya dunƙulewa. Sai an sa sitaci, an sa abin da zai ɗaure shi, an sa abin da zai sa ya watse idan ya isa ciki. Da za ka shiga sitonmu da na nuna maka buhunan nan a jere a kan katako, kowanne da tambarin wata ƙasa. Akwai sukarin madara da aka busar ta hanyar feshi, wanda in ka zuba a tafin hannu yake gangarawa ba ya dunƙulewa, shi ya sa injin buga ƙwaya ke son sa. Akwai wanda aka yi da itace. Har sitacin masara daga waje yake zuwa, mu da masara ke cike da Dawanau. Duk ranar da dala ta motsa, farashin buhunan nan ya motsa, mai zazzaɓi a Rimin Gado shi ke biya.

A cikinsu wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙaro. Ƙaron da muka sani, wanda muke jiƙawa mu haɗa tawada muna yara a makarantar allo. Shi ne ake sa wa a ƙwayar magani don ta ɗaure, a maganin ruwa don kada ya kwanta, a alewar tari, a lemon kwalba. A jikin kayan Turai za ka gan shi da lamba E414. Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, sai Chadi da Nijeriya. Namu daga Yobe da Borno da Jigawa yake fitowa. Na dakwara shi ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu, sauran gauraye lamba uku. Idan damina ta ɗauke aka shiga rani, sai a tsaga jikin bishiyar, bayan 'yan makonni a dawo a ɓamɓaro abin da ya tsatso ya daskare.

Ka taɓa shiga siton masu ƙaro a nan Kano? Mata ne zaune a kan tabarma, kowace da tarinta a gaba, da faranti da 'yar wuƙa. Tana ɗaukar dunƙule ta ɗaga shi wajen haske, ta kankare ɓawo da yashi, ja ta jefa nan, fari mai sheƙi ta jefa can. Yini guda a sunkuye, ladan bai taka kara ya karya ba. Daga nan a ɗinke buhu, a loda kwantena, sai Legas, sai Faransa. A can kamfanoni irin su Nexira da Alland & Robert za su narkar da shi, su tace, su kashe ƙwayoyin cuta, su fesa a irin injin da ka gani, ya fito fari tas. Wannan farin garin shi ake sayar wa duniya da tsada, har da mu. Faransa ba ta da dakwara ko ɗaya, amma ita ce babbar mai sayar da sarrafaffen ƙaro a duniya. Tsakanin tabarmar matan nan da buhun da ke sitonmu, babban bambancin shi ne tacewa da wannan injin da takardar shaida.

Kuma kada ka ɗauka ba a taɓa tunanin haka a garin nan ba. Kamfanin Dansa na marigayi Alhaji Sani Ɗangote, Allah ya jiƙansa, ya kafa masana'antar sarrafa ƙaro a Kano. A Gashuwa ma akwai tashar binciken ƙaro ta gwamnatin tarayya, ƙarƙashin cibiyar binciken roba. Malaman harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna gwada sitaci da ƙaron gida a matsayin kayan haɗi, ɗalibai suna rubuta kundi a kai, a ajiye a kanta. Ilimin yana nan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, Allah ya kawo musu sauƙi, masu saye suna neman wata hanya ta biyu. Ba fata nake mu ci ribar musibar 'yan'uwa ba, amma mai saye ba zai zauna jira ba, in ba mu ba wasu ne.

Yanzu ga abin da zai iya karya ka, kuma ina so ka karanta nan a tsanake. Wannan inji wuta yake ci. Idan ka narkar da ƙaro, kusan kashi biyu cikin uku na abin da za ka fesa ruwa ne, kuma duk sai ka mayar da shi tururi. Iskar da ke fita ta bututu ma da sauran zafinta take tafiya, asara ce da ba makawa. Da me za ka dumama iskar? In ka ce lantarki, tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin rukunin A naira 225 kowane yunit, masu masana'antu suke kuka. In ka ce dizal ko baƙin mai, kai ma ka san labarin. Kuma inji ne da ba ya son a katse shi. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, feshin ya jiƙe bango, abin ya manne, sai an tsaya an wanke tukunya gaba ɗaya, kayan da ke ciki sun tafi. Ka zaga Sharaɗa kashi na ɗaya zuwa na uku, ka leƙa Chalawa da Bompai, ka ƙirga ƙofofin da ke garƙame, masaƙu da majemu da kamfanonin alewa da muka taso muna jin jiniyarsu. Yawancinsu ba rashin masu saye ne kaɗai ya rufe su ba, tsadar wuta na ciki dumu-dumu. Tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Chalawa a Janairun 2023 abin a yaba ce, amma ba za ta ɗauki nauyin unguwannin masana'antu uku ba. Abin da zai canja lissafin shi ne bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ranar da gas ya shigo Chalawa da farashi mai sauƙi, ranar injinka ya zama abin saye.

Yanayinmu ma yana da nasa hannu. Da hunturu iskar Kano a bushe take ƙayau, kuma busasshiyar iska ita injin ke so, aiki zai yi sauri, mai zai ragu. Sai dai ƙurar da ke tare da ita ba ta da wuri a cikin magani, dole a sa matatai masu kyau kuma a riƙa canja su. A watan Agusta kuwa laima kan sa gari ya dunƙule tun kafin a ɗinke buhu. Ka tambayi mai sayarwa ko ya yi lissafin duka biyun.

Ta fuskar hukuma, iskar tana kaɗawa wajenmu. Kamfanin magani na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Nijeriya a 2023, Sanofi ma ya bi, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya ga illar dogaro da waje. A watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin cire haraji a kan injuna da kayan haɗa magani na tsawon shekara biyu, sai ka sa wakilinka na kwastan ya bincika matsayinsa kafin ka yi oda. NAFDAC kuma ba ta wasa da ingancin masana'anta yanzu, kuma ina goyon bayanta. Ka ga yadda aka tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar Dangwauro a 2024. Wanda zai sayi garinka don magani zai nemi sakamakon gwajin kowane rukuni: laima nawa, ƙwayoyin cuta nawa, akwai dalma ko babu. Saboda haka ɗakin gwaji da ma'aikacinsa suna cikin jarin tun ranar farko.

Shawarata ita ce kada ka shiga kai kaɗai, kuma kada ka fara da magani. Ku haɗu ku uku ko huɗu, a ciki a samu mai fataucin ƙaro da ya san dajin Yobe, a samu masanin haɗa magani. Ku fara da ƙaro na abinci da lemo, inda sharuɗɗan suka fi sauƙi kuma masu saye suka fi yawa, hannunku ya faɗa, sannan ku nemi shaidar na magani. Lokacin da ba kakar ƙaro ba, injin ba zai kwanta ba. Ga zoɓo da muke lodawa Meziko ɗanye, ga citta, ga tsamiya, ga zogale. Masu maganin gargajiya da ke son rajista ma babbar matsalarsu ita ce jiƙo ba ya daɗewa kuma awonsa ba ya daidaita, in aka mayar da shi gari aka zuba a kafso an rage musu wahala. Sai dai kowane canji yana bukatar wanki na gaske, kuma layin magani daban yake da na abinci idan an kai can.

Akwai wani abu kuma da ke sa ni kasa cire rai da wannan fasaha. Allurar oksitosin da ake yi wa mace don tsayar da jini bayan haihuwa sai an ajiye ta a firji, zafi yana rage mata ƙarfi. Ka tuna asibitocin ƙauyukanmu a watan Afrilu. Masu bincike a Jami'ar Monash ta Ostireliya sun daɗe suna aikin mayar da ita garin da za a shaƙa, wanda ba ya bukatar sanyi, kuma da irin wannan busarwa suke yin sa. Ba mu za mu ƙirƙiro shi ba, amma ina so a ce ranar da irin waɗannan magunguna suka yawaita, akwai yaranmu a Kano da hannunsu ya saba da injin.

Kafin ka taso, ka karɓo mini takardun injin: lita nawa na ruwa yake busarwa a awa, da me yake dumama iska, wane irin ƙarfe ne a cikinsa, kuma ina ake samun kayan gyaransa. Ka roƙe su su gwada maka shi da ƙaro a gabanka, in sun yarda zan aiko maka da na dakwara ta hannun masu zuwa. In ka sauka ka ba ni yini guda, mu je siton masu ƙaro da safe, da yamma mu zaga Chalawa.

Ka gaida duk 'yan Kano da ke nan. Allah ya dawo da kai lafiya, ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Naka amini.