Lissafin Gado a Zauren Liman

Mu a nan unguwar Hausawa ta Abaji, lissafi ba ya ba mu wuya a kasuwa. Kwaryar doya ɗari ce, kowa ya san rabonsa idan an yi tarayya an loda mota zuwa Gwagwalada. Amma da yaro ya dawo da aikin gida mai "kashi ɗaya bisa takwas", sai mu ce wannan aikin 'yan boko ne.

Rasuwar wani maƙwabcinmu ce ta kunyata mu. Allah ya jiƙansa, ya bar mata, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan an biya bashi, naira 1,200,000 ta rage. Kafin a je wurin Liman har an fara gunaguni, dangin matar na cewa za a danne ta.

Liman ya zana a ƙasa. Mata sumuni, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya. Uwa sudusi, ɗaya bisa shida. Asalin mas'ala 24: mata 3, uwa 4, saura 17. Namiji yana da rabon mata biyu, don haka 'ya'yan kashi biyar za su yi, kuma 17 ba ta rabuwa biyar. Nan muka yi cirko-cirko. Sai 'yar marigayin, wadda ke aji uku a ƙaramar sakandare, ta ce daga bakin ƙofa, "Allah gafarta Malam, a ninka 24 sau biyar." Liman ya yi murmushi, ya ce haka malaman fara'ili suke yi.

Aka koma 120, kowane kashi naira 10,000. Mata 150,000, uwa 200,000, kowane namiji 340,000, ita kuma 170,000. Aka tara, ba ko kwabo da ya ɓace, gunaguni ya mutu.

Ashe kalmar aljabra ma daga littafin Alhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajajen shekara ta 820, kuma babban ɓangarensa kan gado da wasiyya ne.

Yanzu idan yaranmu sun buɗe littafin lissafi da dare, mukan jawo tabarma mu zauna kusa. Wata rana su ne za su raba namu.