Faɗuwar gaban Inna

Wata biyu Inna tana cewa gabanta na faɗuwa, mu kuwa sai haƙuri muke ba ta. Ƙanena ya tafi ci-rani Legas, duk muka ɗora abin a kan kewarsa. Goggo ta aiko da rubutu daga Gwiwa, ni kuma na ce ta rage goro.

Wata Juma'a na je Roni na tarar da ita a kan tabarma tana tsintar wake. Ba aikin ƙarfi ba ne, amma tun daga bakin ƙofa nake hango jijiyar wuyanta tana harbawa. Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, ta gefen babban yatsa, na ƙirga minti ɗaya cif: 112. Babban mutum idan yana hutawa, tsakanin 60 da 100 ake so. Ba ma saurin ne ya tsorata ni ba, ƙarfin ne.

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Ke dai bari. Da dare kamar ana daka a kunnena, ko buta na ɗauko sai na huta."

Washegari muka tafi Babban Asibitin Kazaure. Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Sai da na fita ta iya gaya wa nas cewa basir ya daɗe yana sa ta zubar da jini. Kunyar 'ya'yanta ta hana ta faɗa.

Likita ya yi mini bayani: idan jini ya ragu, dole zuciya ta ƙara ƙarfi don ta isar da iska ko'ina. Zazzaɓi, juna biyu da ciwon maƙoƙo ma suna sa haka. Bugun da ya biyo bayan gudu, tsoro ko shayi mai kauri yakan lafa da kansa. Wanda ya ƙi lafawa kana zaune, ko yake dawowa kullum, asibiti yake nema. Idan kuwa ya zo da ciwon ƙirji, haki, suma ko kumburin ƙafa, kada a jira gari ya waye.

An duba basir ɗin, aka ɗora ta kan maganin ƙarin jini. Makon jiya na sake ƙirgawa, 84. Goron dai har yau ba ta rage ba.