Jidda: Shiga Da Daɗi, Fita Sai Da Takarda

Shekara 3 na yi a Jidda ina aikin jinya a wani asibitin kuɗi. Garin ya shiga raina ainun: iskar Bahar Maliya da yamma, tsofaffin benayen Balad masu tagogin katako, ga kasuwar Bab Makka inda za ki ji Hausa raɗau kamar kina Kwari.

Ana nan, a 2025 aka sa ranar aurena a Kano, saura wata 4. Murna ta ɗebe ni, na ce kawai in daina zuwa aiki in haɗa kayana. Na je Bab Makka sayen turaren wuta, sai na ba wata dattijuwa Bakanuwa labari. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ke 'yar nan, rufa wa kanki asiri! Kina daina zuwa za a rubuta ki kin gudu, hurub ke nan. Ƙarshenta Shumaisi, gidan tarhil, a tasa ƙeyarki gida, haƙƙinki ya bi ruwa."

Na ce, "To Hajiya, yaya zan yi?"

Ta ce, "Rubutawa ake yi, ba a faɗa da baki."

Gaskiyarta kuwa. Tun gyaran dokar ƙwadago na Fabrairun 2025, ajiye aiki sai a rubuce, babu tilas. In aka yi kwana 30 mai aiki bai amsa ba, ta karɓu. Yana iya jinkirtawa har kwana 60, amma sai ya rubuta dalili. Ke kuma kina da kwana 7 ki janye, muddin bai riga ya karɓa ba. Kafin nan dole ki ci gaba da zuwa aiki.

Na rubuta, na sa kwanan wata, na riƙe kwafi mai hatimi. Suka yi shiru, ni kuma ina ƙirga kwanaki, ango yana ta waya. Ranar 31 na kai musu kwafin, ba su da ta cewa. Aka ba ni kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sallama, rabon wanda ya ajiye aiki tsakanin shekara 2 da 5, sannan bizar fita ta ƙarshe.

Sai dai 'yan uwa mata, masu aikin gida tsarinsu daban ne, ku tambaya tukuna. Ni dai na sauka Kano saura kwana 20 kamu, turarena a jaka.