Achimota, makarantar da ta yi kama da gari

Tirelar albasa ce ta kai ni Ankara, babban birnin Gana, daga Lafani ta Kwanni da Yamai da Wagadugu. Da aka sauke kaya, wani ɗan'uwanmu mazaunin unguwar Nima ya ce, "Yaya, kada ka koma gida ba ka ga Achimota ba." Na ɗauka wata unguwa yake nufi. Unguwar na nan kam, amma makarantar sakandare ta gwamnati ce ya kai ni.

Tun daga ƙofa na san wannan ba irin tamu ba ce. Titin kwalta, manyan itatuwa dama da hagu, can gaba ga ginin ofis mai hasumiya da agogo a samanta. Harabar biyu ce, ta gabas da ta yamma, kuma mai tafiya a ƙasa sai ya yi gumi kafin ya gama zaga ɗaya. Akwai asibiti, akwai wurin ninƙaya, ga daji guda yana maƙwabtaka da ita a cikin birnin da ake rububin kowane taƙi.

An kafa ta a 1924, aka buɗe a Janairun 1927, zamanin Gwamna Gordon Guggisberg. Shugabanta na farko Alec Fraser ne, mataimakinsa kuwa James Aggrey, ɗan ƙasar, wanda ya rasu a Amurka a shekarar da aka buɗe ta. Tambarin makarantar na jikin rigar kowane ɗalibi: madannan fiyano, baƙaƙe da farare. Ra'ayin Aggrey ne, cewa kiɗa ba ya cika sai an haɗa biyun. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tun farko maza da mata aka ɗauka. Tsararta ta wajenmu, Kwalejin Katsina wadda ta zama Barewa, maza zalla ta sani. A nan aka yi mana nisa, ba a gini ba.

Kwame Nkrumah ya yi karatu a nan, haka Jerry Rawlings da John Atta Mills, har da Dawda Jawara na Gambiya. Jami'ar Gana ma a wannan haraba ta fara a 1948 kafin ta tare a Legon. Gidajen kwanan ɗalibai suna ɗauke da sunayen mutane. Na ci karo da allo an rubuta Lugard, na yi turus. Mutumin da sojojinsa suka ci Sakkwato a 1903, ga yara suna shanya tufafi ƙarƙashin sunansa, ko a jikinsu.

Da la'asar filaye suka cika. Ƙwallon ƙafa na sani, tsere na sani, hoki ma na taɓa ji. Amma kurket ya gagare ni: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da faffaɗan katako, sauran suna tsaye cirko-cirko kamar masu jiran mota a tashar Illela. Gefe guda ƙungiyar kadet na fareti, daga wani zaure kuma ana jin masu rera waƙa suna gwaji.

Duk da haka, ƙungiyar da ake ji da ita ta 'yan kacici-kacici ce. Gana na da gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa wadda ake nunawa a talabijin, Achimota kuma ta ɗauki kofin a 1998 da 2004. A shagon mai shayi a Nima na ji direbobi suna gardama kan wace makaranta za ta ci bana, har da buga teburi, mai shayin yana roƙon su bar masa kofunansa su huta.