Kiɗan da Ya Buɗe Idon Inna

Shekara uku Inna ta yi tana gane mu da murya. Yanar ido ta rufe mata gani sannu a hankali, har ta kai idan za ta yi alwala sai jika ya riƙe mata buta. Muka yi ta jan ƙafa a kan kuɗin asibiti, kullum muna cewa sai kasuwa ta yi kyau. Wata Juma'a bayan an sallame, ladan ya sanar cewa likitoci 'yan Indiya da abokan aikinsu 'yan ƙasa za su duba idanu kyauta ranar Asabar, a harabar wata makaranta a nan Kumasi. Da asuba muka kama hannunta muka bi layi.

Likitan da ya duba ta ya kira ta Mama, ya ce idon zai gyaru. Bayan mako biyu aka yi aikin. Ranar da aka cire mata auduga, ta dubi autanmu ta daɗe, sannan ta ce, "Ashe kai ma ka yi furfura?" Muka yi dariya, wasunmu suka juya baya suna share hawaye.

Tambayar da ta hana mu sakat daga baya ita ce: wa ya biya? Mun yi zaton wani attajiri ne guda ya fitar da sadaka. Saurayin da ke riƙe da littafin sunaye, wanda akawu ne a wani kamfani, shi ya warware mana. Ya ce kuɗin daga daren rawa suka fito. Ƙungiyarsu ta masu sana'a kan shirya biki sau ɗaya a shekara: 'ya'yansu su hau dandamali su yi kiɗa da rawar gida, a sayar da tikiti, a ci abinci, a yi gwanjon zane da kayan ado. Abin da aka tara a rubuta shi a littafi. Likita ya ba da ranarsa, mai kantin magani ya ba da maganin ɗigawa, ɗan kasuwa ya kafa rumfa, akawu ya riƙe lissafi ya karanta wa kowa.

Mu mutanen zango mun daɗe da sanin Indiyawa ta fuska biyu: kantinsu da finafinansu. Iyayenmu sun kalli Mother India, fim ɗin 1957, har sun haddace waƙoƙinsa ba tare da sun san ma'anar kalma ɗaya ba. Wannan fuska ta uku ce ba mu lura da ita ba, alhali ta bazu ko'ina mutanen Kudancin Asiya suka yada zango. A Amurka likitoci 'yan asalin Indiya sun kafa ƙungiyarsu mai suna AAPI a 1982, takwarorinsu 'yan asalin Pakistan kuma suna da APPNA tun shekarun 1970. Suna gudanar da ɗakunan shan magani kyauta, suna kai agaji gida idan girgizar ƙasa ko ambaliya ta auku. A babban taron likitocin Pakistan ɗin nan, bayan an gama maganar cuta da magani, akan zauna majalisar da suke kira musha'ira, inda marubuta waƙa ke karanta baitocinsu da harshen Urdu har dare ya raba.

A 1991 wasu ɗalibai 'yan Indiya a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kafa Asha, kalmar da ke nufin fata, domin ilimin 'ya'yan talakawa a ƙasarsu, kuma da bukukuwan kiɗa da tseren gudu suke tara kuɗi. A 1995 wasu abokai 'yan kasuwa a Karachi suka kafa The Citizens Foundation, suka shiga gina makarantu a unguwannin marasa ƙarfi, suka kuma sa malaman duka su zama mata domin iyaye su saki jiki su turo 'ya'yansu mata. Kafin su, a 1977, wani malamin injiniya a Delhi mai suna Kiran Seth ya fara kai manyan makaɗan gargajiya cikin makarantu su yi wasa a gaban ɗalibai, don ya ga matasa masu ilimin zamani suna nisa da kiɗan kakanninsu. Aikin ido kuwa yana da nasa tarihi: a 1976 Dakta Venkataswamy, bayan ya yi ritaya, ya buɗe asibitin Aravind a Madurai da gado 11, a kan tsarin cewa kuɗin mai hali shi zai ɗauki nauyin marar hali.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda suka ɗaure abu biyu da igiya ɗaya. Yarinyar da aka haifa a baƙon wuri tana koyon rawar Gujarat da suke kira garba (sunan da kan sa mu murmushi, tunda babu gidan zangon da ba shi da Garba) saboda ta san akwai daren da za ta tsaya gaban jama'a. A wajen koyon ne take tsintar harshen kakarta. Kuɗin da rawar ta kawo kuma shi ke fita waje ya zama magani ga maƙwabtan da ba su haɗa addini ko ƙabila da ita ba. Hindu da Sikh na kiran wannan aiki seva, Musulminsu na cewa khidmat, wadda asalinta ɗaya da hidimar da ke bakinmu.

Ba mu ce tuwonsu babu tsakuwa ba. Wasu cikinmu sun yi aiki a kantuna da masana'antun wasunsu, sun san albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Mun san akwai masu zaman kansu su kaɗai, da masu ba da sadaka domin hoto. Mun kuma san alheri ba ya hana a kira mutum baƙo. A watan Agusta na 1972 Idi Amin ya ba mutanen Asiya kwana 90 su bar Uganda, makarantu da asibitocin da suka gina ba su cece su ba. Wannan labari ba sai an fassara mana ba, domin a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana, kuma har yau akwai tsofaffi a zango da ke tuna gidajen da aka wayi gari babu kowa a ciki.

Sai dai mu dubi abin da ya biyo baya. Da yawa daga korarrun Uganda sun sauka a Leicester ta Ingila, garin da hukumarsa ta buga talla a jaridar Uganda tana roƙon kada su zo. Sun isa hannu rabbana, amma da sana'a a ka, da harshe a baki, da sanin yadda ake haɗa kai. Yau bikinsu na fitilu, Diwali, yana cikin abubuwan da aka san garin da su.

Mu fa? Haɗin kan masu sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken goro da suka bi hanyar Salaga suna da fatoma mai saukar baƙi. Mahauta na da Sarkin Fawa, wanzamai na da Sarkin Aska, makaɗa na da nasu sarki. Malam Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, malami ne kuma marubucin waƙoƙi da Hausa da Larabci, almajiransa suka watsu cikin ƙasar nan. Kyauta ma ba a fi mu ba. Ku dubi abin da ake liƙa wa mai kalangu a biki ɗaya, ku dubi zakkar Ramadan da adashin iyayenmu mata.

Abin da ya kuɓuce mana shi ne 'ya'yanmu da suka yi boko. Zango ya haifi likitoci, lauyoyi, injiniyoyi da ma'aikatan banki. Da yawanmu da muka samu hali sai muka tare a sababbin unguwanni, muna leƙo gida ranar suna ko jana'iza. Hausar titi tana nan da ƙarfinta, amma 'ya'yanmu ba su san karin magana ba, ba su taɓa jin an rera waƙar wa'azi daga takardar ajami ba. A layin duba ido ranar nan, babu likita ɗan zango ko ɗaya a ƙarƙashin rumfar. Mu da ke wannan rubutu ma a layin karɓa muka tsaya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum goma sun isa a fara: mai aikin jinya, malamin makaranta, akawu mai amana, da tsoho ɗaya da ya san waƙoƙin da. A koya wa yara na wata uku, a kama fili bayan Babbar Sallah, a sa kuɗin shiga, a karanta lissafi a fili har sidi na ƙarshe. Abin da aka samu a kafa rumfar gwajin hawan jini da ciwon sukari, a buɗe ta ga Bahaushe da Ba'ashante da Badagombe baki ɗaya.

Inna yanzu da kanta take zura zare a allura. Kullum bayan sallar asuba tana yi wa likitan nan addu'a, ko sunansa ba ta riƙe ba. Jiya ta tambaye mu yaushe 'ya'yan gida za su kafa tasu rumfar, ta ce tana so ta gani da idon da aka gyara mata. Mun ce mata in Allah Ya yarda. Ta ce in Allah Ya yarda ɗin nan ta ji shi shekara uku.